Gautan da Ke Cikin Hula

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, da ya tsufa har gwiwa ta ƙi ɗaukarsa. Sai ya kira 'yarsa Lidiya da mijinta Barnaba, ya kai su tsakiyar lambun.

Lambun layi tara ne daga gabas zuwa yamma, layi tara daga kudu zuwa arewa, kowane layi fangali tara. Hanyoyin ruwa kuma sun raba shi unguwa tara, kowace unguwa fangali tara. Iri tara ake dasawa a ciki: albasa, tumatir, attarugu, tattasai, karas, kabeji, alayyafo, kuɓewa, da gauta.

Akwai wata tsutsa a ƙasar, wadda ban taɓa ganinta ba, amma kakata ta san wanda ya gan ta. Idan ta sami iri ɗaya sau biyu a layi guda ko a unguwa guda, nan take zama ta hayayyafa, ta cinye lambun har da shinge. In ba ta samu ba, sai ta wuce gaba da yunwarta.

Tsohon ya ce, "Na dasa waɗansu da hannuna, kada ku taɓa su. Ku cika sauran. Kada iri ya maimaitu a layi, ko a tsaye ko a kwance, ko a unguwa. Hanya ɗaya ce tak za ta fitar da ku. In na dawo daga ganin likita na tarar da shi daidai, lambun naku ne. In ba haka ba, zan ba ɗan ƙanena."

Barnaba ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, Baba." Mutum ne mai sanƙo, ba ya cire hula sai a gaban Allah, kuma a wannan makon bai cika zuwa gaban Allah ba.

Ga yadda suka yi. A kowane fangali da ba kowa, suka jera alamu tara: ɓawon albasa, busasshen attarugu, busasshen ɗan gauta, da sauransu. Sai su tsaya a kan fangali su dubi layinsa na kwance. Duk irin da ya riga ya zauna a can, su ɗauke alamarsa. Su dubi layin tsaye, su ɗauke. Su dubi unguwa, su ɗauke. In alama ɗaya ta rage, ita ce mai wurin, sai a dasa. Wani lokaci alamu uku ne suka rage, amma in an zaga unguwar kaf, ba inda karas zai iya zama sai nan. To, nan ma karas ne. Duk dashen da aka yi kuwa yana korar alamarsa daga maƙwabta, sai wani fangalin ya buɗe.

Aiki ya yi ta tafiya har suka iso wani fangali kusa da bukkar da Barnaba ke shan inuwa. Alama biyu suka rage: albasa da gauta.

Lidiya ta ce wa mijinta, "A bar shi tukuna, Baban Kefas. Mu cika waɗancan, shi da kansa zai faɗa mana."

"Fangali ne zai yi magana?"

"Ai ya fi ka saurin amsawa in an tambaye shi."

Ta tafi ɗebo ruwa. Barnaba ya tsaya yana kallon busasshen gautan. Tun yana yaro ba ya shiri da ɗacinsa, ga shi yanzu zai tare a bakin bukkarsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗauke shi ya tura cikin hula.

Da ta dawo ya ce, "Albasa ce. Na sake dubawa. Kuma zuciyata ta ba ni."

Ta yarda da shi, gama mijinta ne. Aka dasa albasa. Daga nan Lidiya ta ci gaba da ɗauke alamu bisa ƙa'ida, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Albasar nan ta kori albasa daga wancan fangali, wancan ya zama kabeji, kabeji ya kori kabeji, haka har ƙarshen lambu.

Ranar da tsohon zai dawo, suka iso wani fangali can kusurwar arewa, nesa da bukka. Lidiya ta durƙusa. Layin kwance ya ɗauke huɗu. Layin tsaye ya ɗauke uku. Unguwa ta ɗauke biyu. Ta dubi ƙasa, ba alama ko ɗaya.

Ta mayar da su ta sake. Haka. Ta zauna daɓas a cikin laka, hannu a ka, baki buɗe.

"Baban Kefas, zo ka gani. Duk abin da muka sa a nan, tsutsa ta samu gida."

Barnaba ya zo ya gani, gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Ya ce akuyar maƙwabci ce. Ya ce iska ce. Ya ce wataƙila Baba ne ya yi kuskure tun farko, ai shekaru sun ja. Yana cikin wannan maganar sai ga Baban a bayansa, yana dogara sanda.

Tsohon ya daɗe yana kallon fangalin. Sa'an nan ya ce, "Wannan ba shi da laifi. Laifin yana wani wuri, nan ne kawai ya fito. Wa ya ɗauke alamar da layi bai kora ba?"

Lidiya ta ce, "Ba ni ba, Baba." Barnaba ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai.

"To, tun da ya fi ƙarfinmu, mu kai wa Ubangiji. Mu yi addu'a."

Tsohon ya cire hularsa. Barnaba ya tsaya kamar an dasa shi. Surukinsa ya buɗe ido ɗaya yana jiransa. A hankali ya kai hannu ya ɗaga hula, sai busasshen gauta ya gangaro ta kan sanƙo, ya bi ta hanci, ya faɗa tsakiyar fangalin da ba kowa.

Ba wanda ya ce amin.

Lidiya ta dubi gautan, ta dubi mijinta. "Ashe zuciyar da ta ba ka a cikin hula take?"

Tsohon ya ce, "Ku koma inda aka ɗauke shi. Duk abin da aka dasa bayansa, a tumɓuke. In kun gama kafin dashen ya bushe, maganata tana nan."

Suka tumɓuke fiye da rabin lambu, Barnaba yana aiki kai ba hula a tsakar rana. Da suka sake bin layi har suka dawo bakin bukka, alama ɗaya ta rage a fangalin nan. Gauta ne.

Ma'anar wannan misali ita ce, lambun rayuwarka ce, waɗanda tsohon ya dasa kuwa su ne abubuwan da Allah ya riga ya faɗa, ba a taɓa su. In kana gaban zaɓi, na aiki ne, na tafiya, ko na amsar da za ka ba wanda ya ɓata maka rai, fara da ɗauke abin da maganar Allah ta hana. Sau da yawa za ka ga abu ɗaya ne ya rage. In biyu suka rage, jira, ka yi aikin da ke a fili, amsa za ta zo. Amma kada ka ɗauke abu don yana da ɗaci, sa'an nan ka ce zuciyarka ce ta ba ka. Ƙaryar da ka dasa kusa da bukkarka can nesa za ta fito, a hannun wanda ya yarda da kai, ya yi aikinsa da gaskiya a kanta.

Yanzu za mu yi addu'a. Maza, a cire hula a hankali.