Binciken Da Bai Tsallaka Titi Ba

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu na tsibirin Panay, sunanta Jonalyn Sumagaysay. Ku da kuke bin shafin nan kun san ba na yabon mutum a banza, to Jonalyn akwai kai. Matsalar ita ce ita ma ta san da haka.

Tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Abu ɗaya ya rage mata, ta yi bincike ta kare shi a gaban malamai. In ya karɓu, a maƙala mata alamar nas a wuyan riga a watan Afrilu tare da 'yan ajinsu. In bai karɓu ba, sai baɗi. Mahaifiyarta, Nanay Luding, tun rasuwar mijinta wannan ranar take jira, har ta ɗaure akuya a gindin mangwaro tana yi mata kiwon biki.

Binciken ba irin wanda ake gwada magani a kan rukuni biyu ba ne. Ƙidaya ce kawai: cikin masu hawan jini a ƙauyenmu, nawa ne ke shan magani?

Malamarta, Malama Tupas, ta ce mata, "Ba za ki iya tambayar kowa ba. Rubuta sunan duk wanda ya haura arba'in a 'yar takarda, ki zuba a kwano, ki rufe ido ki ɗebo sittin."

Jonalyn ta ce, "Malama, wannan ai caca ce. Ni da na san ƙauyen nan kamar yunwar cikina?"

"Shi ya sa. Kwano bai san kowa ba."

Ta ce to, amma a baki ta tsaya. Damina ce, ko'ina taɓo. Da ta zo gida sai ta zarce shagon ƙanwar mahaifiyarta, Tiyay Bebing, ta ba ta labari.

Tiyay Bebing ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kwano? Ke da kike da dangi? Zauna 'yar nan, fara da ni. In kin gama ki je wurin Dodong mai gyaran babur, shi ma jininsa kullum a sama yake kamar farashin shinkafa."

Haka aka yi. Dodong ya tura ta wurin surukarsa, surukar ta tura ta wurin ƙawarta. Kowane gida a ba ta kofi da dafaffiyar ayaba, a nuna mata gida na gaba. Kafin mako ya zagayo ta cika sittin, 'yan ajinsu kuwa suna can suna fama da taɓon gonakin shinkafa. Har tsiya take yi musu, wai su gaida kwano.

Da ta haɗa lissafi, sai ga abin farin ciki. Duk mai hawan jini a cikin mutanenta yana shan magani, kuma kyauta yake karɓa.

Daga nan kanta ya fara ɗaurewa.

Wata safiya aka fito da wata mai sayar da kifi a babur mai ƙafa uku, ɓarin jikinta ya shanye. Ba a daɗe ba aka binne wani kafinta, aka ce jini ne ya buge shi. Jonalyn ta tsaya a ƙofar gida tana kallon masu rakiyar gawa, ta rasa gane abin da take gani. Ƙauyen da kowa ke shan magani?

Ta sake lissafi, ya fito yadda yake. Ta zargi na'urar awonta, ta aro wata, duk ɗaya. Ta ce to ƙarya aka yi mata, ta koma gida-gida. Dodong ya ɗauko kwalin maganinsa ya girgiza mata a fuska.

"Ga shi, saura huɗu. Ko so kike in haɗiye a gabanki, likita?"

Babu wanda ya yi mata ƙarya, wannan ya fi komai rikita ta. Ta daina cin abincin kirki. Nanay Luding ta tambaye ta lafiya, ta ce, "Nanay, komai daidai yake, kuma wani abu ba daidai ba." Uwar ta ce in komai daidai yake ta ci shinkafarta.

A ƙarshe ta lallashi kanta cewa lissafi ba ya ƙarya, ta kai aikin haka. Yadda ta samo mutanen kuwa, ta wuce shi da layi guda.

Ranar karewa, Malama Tupas ba ta taɓa lissafin ba. Alli ta miƙa mata.

"Zana mana titin ƙauyenku. Yauwa. Yanzu sa ɗigo a duk gidan da kika shiga."

Jonalyn ta yi ta ɗigawa. Da ta ja baya ta duba, ɗigon gaba ɗaya a gabas da titi suke. Yamma fayau.

"Su wa ke zaune a wancan gefen?"

"Mutanen Tiyoy Nestor ne, yayan babana."

Kowa a ƙauyenmu ya san zancen. Nestor ya yi takarar shugabancin ƙauye da Kapitan mai ci, ya faɗi, aka yi baran-baran. Maganin kyauta kuma a zauren da ke harabar Kapitan ake rabawa, mutanen Nestor sun rantse ba za su taka wurin ba. Jonalyn ta taso cikin wannan gabar, amma ko sau ɗaya ba ta haɗa ta da hawan jini ba.

Har a lokacin ba ta gama fahimta ba. Ta ce, "Amma Malama, ni ban zaɓi kowa ba, ban ƙi kowa ba."

"Gwaggonki ta zaɓa miki na biyu, na biyu ya zaɓa miki na uku. Kowa gidan da yake shiga ya tura ki. Hanyar tana da amfaninta in masu ɓoye kansu ake nema. Amma ba ƙauye kika auna ba, Jonalyn, masu gaisawa da gwaggonki kika auna."

Binciken bai karɓu ba. Afrilu ya zo, 'yan ajinsu suka sha biki, akuya tana gindin mangwaro tana tuƙa. Nanay Luding ta yi kuka, daga baya ta ce akuyar ma ta fara yi mata kallon raini.

Da za ta sake binciken, Jonalyn ta ɗauko kwanon miya, ta zuba sunaye, ta rufe ido. Cikin waɗanda suka fito har da Nestor Sumagaysay.

Uwar ta ce, "Mayar da shi ki ɗauko wani. Mutumin da ko gaisuwarmu ba ya amsawa?"

"Nanay, haka na yi wancan karon."

Ta tsallaka titi. Ta same shi a baranda yana ƙoƙarin ɗinke tarun kamun kifi da hannu ɗaya, na hagun yana kwance a cinyarsa. Da ta auna shi, ta ga jininsa ya hau ƙwarai.

"Tiyoy, tun yaushe hannun nan?"

"Tun kina yawo da na'urar nan ya fara yi mini nauyi. Ina nan zaune ina ganinki, ki shiga wannan gida ki fita wancan. Kullum sai in ce yau 'yar ƙanina za ta tsallako."

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Me ya sa ba ki waiwayo ba?"

A ranar nan ta kai shi asibiti. Ya rayu, amma likita ya ce da tun damina aka gan shi, da hannun bai tafi ba. Sabon binciken ya nuna kusan rabin masu hawan jini a ƙauyenmu ba sa shan komai, dole aka mayar da rabon magani makarantar firamare, inda kowa ke shiga.

Da shekara ta zagayo, Jonalyn ta ce Tiyoy Nestor ne zai maƙala mata alamar a madadin mahaifinta. Ina wurin. Ya yi ta fama da ɗan fil ɗin da hannu ɗaya, ya kasa. Sai ta kama masa wuyan rigar da hannunta, suka maƙala tare, tana hawaye.

Darasi: In dai waɗanda kake gaisawa da su kaɗai kake tambaya, to labarin gefenku kawai za ka ji, komai iliminka. Kada girman kai ko son sauƙi ya zaɓa maka wanda za ka saurara. Ku tura wa ɗalibai da ma'aikatan lafiya, kuma ku tura wa wanda ke ɗaya gefen titinku.