Maijego a Ƙafar Kare

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Kare dai akwai kunyar baƙo. Rannan Ƙuma ta yi masa sallama da tsohon ciki: "Malam Kare, a taimaka mini da masauki a ƙafarka, kwana uku kacal."

Ya ce, "Bismillah."

Kwana na uku ta haihu. Da cizo ya ishe shi ya ce, "Baiwar Allah, yaushe tafiya?"

"Haba Malam! Ana korar maijego ba ta yi arba'in ba?"

Ranar arba'in ya sake magana. Ta ce, "Ni kam na gama. 'Ya'yana ne suka haihu jiya."

Kare ya hau susa har gashin ƙafar ya zube, wai ya rushe musu ɗaki. Suka kwashe kayansu suka koma ɗaya ƙafar.

Ƙurunƙus kan kusu! Mai musu ya je ya duba ƙafar Kare.