Sefau da Sunan Dutsen Matawai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Can a tsakiyar teku akwai wani ɗan tsibiri, wanda in ka fita da hantsi za ka zagaye shi kafin azahar. Kakannin mutanensa daga gabas mai nisa suka zo da kwalekwale, da yarensu. Sai jikoki suka saba da yaren maƙwabta na babban tudu, suka saki nasu. Sai tsofaffi kaɗan ke riƙe da ɓurɓushinsa.

A tsibirin akwai wata mata mai shanya kifi, sunanta Sefau, tana da goyo. Ran nan sai aka yi guguwa, teku ta haura ta shiga rijiyarsu ɗaya tilo. Ruwan ya koma gishiri zalla. Aka koma shan ruwan kwakwa, har kwakwar ta kusa ƙarewa. Nonon Sefau ya fara ƙafewa.

Sai Sarki Tongare ya tara jama'a ya ce, "Nan da kwana uku za mu tashi, mu je mu roƙi mazauni a babban tudu."

Sefau ta koma gida. Sai ta tuna marigayiya kakarta, wadda in an yi fari takan ce, "Matawai, tai masa." Matawai kowa ya san shi, wani baƙin dutse ne a bakin gaɓa inda ake shanya komar kamun kifi. Amma ba wanda ya san abin da sunan yake nufi.

Sai ta saɓa goyonta ta je wurin Kaka Nukua, tsohuwa mafi shekaru, wadda idonta ya tafi.

Ta ce, "Kaka, mene ne wai a yaren da?"

Tsohuwa ta ce, "Wai shi ne ruwan sha, 'yar nan. Tai kuwa ruwan teku. Kada ki haɗa su."

Kun ji, ba irin wai ɗinmu na an ce ka ce ba ne.

Sefau ta ce, "To, mata fa?"

"Wannan ta kuɓuce mini. Je ki wurin Porima."

Sai ta je ta iske Baba Porima, mai sassaƙa kwalekwale, yana ɗaure jiragen tafiya.

"Baba, mene ne mata?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ido. Ki bar ni in yi aiki."

Sefau ta tsaya tana haɗawa. Mata, ido. Wai, ruwa. Idon ruwa ke nan. Sai ta ɗauki ɓawon katantanwar teku mai faɗi ta ruga wurin dutsen. Teku ta cika, tana dukan dutsen har ƙugu. Ta tona ta sama, ta tona ta gefe, ta ɗanɗana. Gishiri. Masu ɗaure kaya suka yi ta mata dariya.

Wani ya ce, "Ƙishirwa ta taɓa mata kai."

Kashegari sai ta nufi can ƙarshen tsibiri, wurin Inna Heitu, ƙanwar kakarta, wadda kunnenta ya yi nauyi. Ta durƙusa ta ɗaga murya.

"Inna, mene ne masa?"

"Me? Kasa?"

"Masa! Tai masa!"

Tsohuwa ta motsa baki. Can ta ce, "Na shekara hamsin ban ji wannan a bakin kowa ba. Masa shi ne in abu ya ƙafe. In teku ta janye ta bar yashi a fili, shi ne tai masa."

Rana ta uku aka tura jirage ruwa, aka loda kaya. Sarki ya aika a kira Sefau.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka jira ni teku ta janye."

Ya ce, "In ta janye jirage za su zauna a yashi, mu yi asarar wuni."

"In ban samu ruwa ba, ni zan fara shiga jirgi."

Sarki ya dubi jaririn a bayanta, ya ce a jira.

Da rana ta take sai teku ta ja baya, gindin dutsen ya fito. Sefau ta sauka ta kwashe yashi. Ta kwashe, ta ƙara kwashewa, har farcenta ya tsage. Sai ga wani faifan dutse da hannun mutum ya taɓa ajiyewa. Baba Porima ya sauko da sandarsa suka ɓanɓare shi tare. Sai ruwa ya ɓulɓulo, garau, mai sanyi.

Sefau ta kamfata ta sha. Ta cika ƙoƙon kwakwa ta miƙa wa Sarki. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ya juya ya ce, "A sauke kaya."

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ɗauko tsofaffin matan nan biyu a kafaɗa, aka ba su suka sha kafin kowa. Daga ranar Sarki ya sa kowane gida ya riƙa tura 'ya'yansa wurinsu da safe, suna nuna abu, tsofaffi suna faɗin sunansa da yaren da. Sefau ce ke zama a gaba, in sun gaji ta karɓa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. In kun ji kalma a bakin tsoho ba ku gane ba, ku tambaye shi tun yana nan.