Kawun Alhaji Cindo a Bakin Kogi

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai fito, sunansa Mantau. Kogin da yake aiki shi ne iyakar ƙasa biyu. Shi da Arzika, mai fiton wancan ƙetare, suka yi alkawari tsakaninsu: ba kayan da zai haye sai an sanar da ɗan'uwa ko mene ne. Ba hukuma ta sa su ba, jama'a, su suka ga dama.

Mantau ya tsufa, kafaɗunsa sun gaji da tuƙi, ba abin da yake mafarki kamar injin jirgi.

Ku saurara. Ran nan sai ga wani ɗan kasuwa, Alhaji Cindo, da dogon abu naɗe a tabarma, yana matse ido.

"Gawar kawuna ce, Baba. Haye da mu."

Mantau ya kama zai ɗaga, sai ji ya yi ƙwal! Ya ce, "Alhaji, kawun nan naka maƙeri ne ya haife shi?"

Alhaji ya matso, ya rage murya. Ashe tukwanen gas ɗin firji ne, irin wanda aka hana, mai cinye rufin da Allah ya yi mana a sama don tare zafin rana. Ya ce, "Ka yi shiru, in saya maka inji sabo fil."

Wallahi zuciyar Mantau ta yi rawa. Ya shafa kafaɗarsa, ya loda kayan a jirgi, sai da suka kai tsakiyar kogi sannan ya kurma ihu: "Arzika! Alhaji ya ce gawa ce, amma ni na ji tana ƙara!"

Arzika ya gane. Kafin su haye ya tara gari, har da liman, har da 'yan kwastan, wai sun zo ta'aziyya. Alhaji na ta gumi yana cewa kawun ya bar wasiyya kada a buɗe shi. Ina! Masu wanka suka kwance tabarma, tukwane suka gangaro. Liman ya leƙa, ya ce, "Wannan mamacin ba nawa ba ne, na kwastan ne."

Mantau bai sami inji ba, da hannu ya yi ta tuƙi har ya koma ga Allah.

To, ku da ke dariya, sama ɗaya ce ta rufe mu duka, in ta huje ba ta tambayar ƙasarku. In an kawo muku ɓarna da toshiyar baki, ku sanar da maƙwabci tun ba a tilasta muku ba. Kai mai mota, kai mai shago, da kai nake!