Ilu Wanzami da Tabon Kan Alhaji

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Ilu. Wanzami ne. Ba shi da komai sai zabirarsa da tabarmarsa da inuwar wani durumi a bakin kasuwa. Kun dai san wanzamai, Allah ya ba su hannu ya kuma ba su baki, ka je aski ka tashi da labarin unguwa guda. To shi Ilu hannun kawai aka ba shi. Zai aske ka tas, bai ce maka wane ya yi kaza ba.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Barmo, mai fataucin fata. Mutum ne mai kyauta, amma Allah ya jarrabe shi da son a ce ya fi kowa. Yana da abokin hamayya, Alhaji Jibo, wanda ya taɓa fita waje ya ga zakuna, ya dawo ya hana gari sakat da labari. Abin ya tsaya wa Alhaji Barmo a rai. Ana nan sai ya ji akwai masu kai mutane yawon buɗe ido can ƙarshen duniya ta arewa, ƙasar ƙanƙara, su nuna musu wata dabba da ake kira farin beya, wadda in ta miƙe tsaye ta fi ƙofar zaure. Ya ce nan za shi. Kuma da Ilu za a tafi, domin tun yana saurayi babu askar da ta taɓa kansa sai ta Ilu.

Ilu ya ce, "Alhaji, can ɗin babu wanzamai ne?"

Ya ce, "Ko akwai, ba su san kaina ba. Ka shirya."

Ku saurara, jama'a. Mutumin da bai taɓa wuce garin kakanninsa ba, sai ga shi a jirgin sama, daga nan jirgin ruwa. Aka naɗe shi cikin riga kan riga, aka ɗora masa wata jar riga mai kauri, har in yana so ya waiga sai ya juya gaba ɗaya. Ya ga duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan teku, wani ya fi masallacin Juma'a girma. Ya ga wasu halittu kamar dorina kwance a gaɓa, da haure har ƙirji, suna minshari. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Ta zagaya nan, ta zagaya can, ta ƙi faɗuwa. Ranar farko Ilu ya zauna da alwalarsa yana jiran magariba har barci ya kwashe shi. Daga baya suka koma bin agogo, kamar yadda wani malami ya gaya wa Alhaji tun a gida.

Alhaji kuwa tun da jirgi ya fara rawa ya kama amai. Ilu ne riƙe kwano, Ilu ne dafa shayi, Ilu ne shan faɗa. Bai taɓa ɓata fuska ba.

Suna da jagora, wani dogon mutum ɗan ƙasar, kullum da bindiga a kafaɗa don tsaron lafiyar baƙi. Shi ke zuba su a kwale-kwalen roba ya kai su gaɓa, ya nuna musu inda za su taka da inda ba za su taka ba. Wata rana ya tsaya cak, ya yi nuni da wani tsauni mai nisa, ya ce ga beya can. Kowa ya ɗauki madubin hangen nesa. Alhaji ya duba, ya sake dubawa.

"Ilu, me ka gani?"

"Na ga wani abu kamar ƙullin auduga, Alhaji. Yana ɗan motsi."

"Wannan ne na baro gida da iyali saboda shi?"

Jagora ya ce iyakarta ke nan, ba a matsawa kusa, dabbar ba ta san wasa ba. Alhaji ya koma jirgi yana ƙunƙuni.

Washegari Juma'a, Ilu ya yi masa aski, kai ya fito fes yana ƙyalli. Aka kai su wani tsibiri mai tsakuwa inda wasu fararen tsuntsaye ƙanana suke sheƙa a ƙasa. Jagora ya ja layi da ƙafarsa, ya yi ta bayani yana kaɗa hannu. Ilu ba ya jin Turanci, ya tambayi Alhaji me ake cewa.

Alhaji ya ce, "Cewa ya yi manya su wuce gaba."

Ilu ya dubi hannun jagora, ya ce, "Alhaji, hannun nan bai yi kama da na bisimilla ba."

Ina, Alhaji ya riga ya ƙetare layi. Yana so a ɗauke shi hoto shi kaɗai a fili, ya tuɓe hular sanyi zai kafa hularsa ta gida. To tsakanin cire waccan da saka wannan, kai yana walƙiya a rana, sai wata tsuntsuwa ta taso daga kan ƙwanta, ta sauko kamar an harbo ta, ta kafta masa baki a tsakiyar kai. Kafin ya dafe ta dawo ta ƙara. 'Yan uwanta suka taso. Alhaji ya zuba a guje, mutum mai jiki, cikin riguna masu nauyi, yana salati yana kare kai da hula. Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin kashin tsuntsaye. Ilu ne ya ruga ya lulluɓe shi da rigarsa, shi ma ya sha nasa rabon a ƙeya, ya janyo shi waje.

Suka koma jirgi. Alhaji ya ƙi zuwa wurin likita don kunya. Ilu ya wanke ciwon, ya sa magani, ya ɗaure. Alhaji ya kalli madubi, ya ce, "Ilu, wannan ciwon in ya warke zai bar tabo?"

"Zai bari, Alhaji."

"Ka duba da kyau. Bai yi kama da farcen beya ba?"

"Ban taɓa ganin farcen beya ba, Alhaji. Bakin tsuntsu na gani."

"To in mun koma gida beya ne. Ni zan ba da labari. Kai naka kawai in na ce ko ba haka ba, ka ce haka ne."

Ilu ya goge askarsa ya mayar cikin zabira. Ya ce, "Alhaji, ka yi mini alherin da ba zan iya biya ba. Abin da ya faru a tsibirin nan, ba za a ji shi a bakina ba har in mutu. Amma ba zan ce haka ne ga abin da ba haka ba."

Alhaji ya ɗauka in an je gida Ilu zai sauko.

Aka dawo. Ƙofar gidan Alhaji ta cika da 'yan sannu da zuwa. Ya cire hula ya nuna tabo, ya ba da labarin yadda beya ta taso masa, ya riƙe mata wuya, ta yage shi, ya ture ta cikin teku. Mutane suka riƙe baki. Ya juya ya ce, "Ga Ilu nan, a gabansa aka yi. Ko ba haka ba, Ilu?"

Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai ciwo na wanke, kuma ya yi jini sosai. Sauran labarin na Alhaji ne."

Aka matsa masa, ya ce sanyin ƙasar ma abin a ba da labari ne. Aka sake matsawa, ya ce la'asar ta yi.

Daga ranar Alhaji ya daina aiko masa. Yaran Alhaji da masu cin arziki a gidansa duk suka sauya wanzami. Inuwar durumi ta zama wayam. Matar Ilu ta ce, "Malam, kalma biyu ce fa, haka ne. Yara suna kwana da kunu." Ya ce, "Na sani. Ki ƙara haƙuri."

To ku ji ta ɗaya ɓangaren. Alhaji Jibo ya sansano akwai magana. Ya zo da kansa ya zauna a tabarmar Ilu, ya ce, "Malam Ilu, mutumin nan ya wulaƙanta ka. Ina da rumfar kwano a tsakiyar kasuwa, zan sa maka kujera da madubi. Ka gaya mini kawai, mene ne ya ji masa ciwon nan?"

Ilu ya ce, "Alhaji, duk wanda ya miƙo mini kansa amana ya ba ni. Kai ma yanzu ina ganin abin da ke ƙarƙashin hularka, kuma ba wanda zai ji. Aski za a yi ko gyaran fuska?"

Jibo ya jawo hularsa ya tashi. Don haushi ya riƙa faɗa a kasuwa cewa bai taɓa ganin mai taurin kai irin wanzamin nan ba, an ba shi rumfa ya ƙi. Maganar ta je kunnen Alhaji Barmo. Dama ƙaryar ta fara yi masa nauyi. Yau ya ce da hannun dama ta yage shi, gobe ya ce hagu, wani zaman ma beyar ta zama biyu. Da ya ji mutumin da ya kora yana kwana da yunwa yana rufa masa asiri, sai jikinsa ya yi sanyi.

Ranar kasuwa, ana tsakiyar hada-hada, sai ga Alhaji Barmo a gindin durumi. Ya zauna a tabarma ya cire hula. Mutane suka taru. Ilu ya jiƙa masa kai ya fara aski.

Alhaji ya ce, "Ilu, gaya musu."

"Labarinka ne, Alhaji."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce, "Jama'a, ba beya ba ne. Tsuntsu ne." Ya yi sauri ya ƙara, "Amma babba ne. Ilu, ai ya kai mikiya ko?"

"Bai kai ba, Alhaji."

"Shaho fa?"

"A'a."

"To kaza. Ilu, ka bar mini kaza."

"Alhaji, shi da tantabara sai dai a auna."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Alhaji ya murtuke na ɗan lokaci, sannan shi ma ta kuɓuce masa, ya yi ta yi har Ilu ya ɗaga aska sama yana jira ya gama. Tun daga nan Alhaji da kansa yake ba da labarin tsuntsuwar a ko'ina, har da kwaikwayon gudun, kuma mutane suka fi ƙaunarsa a haka. A bakinsa labarin ya fito har ya iso gare mu. Da don ta Ilu ne, da har yau ba mu ji ba.

To jama'a, abu biyu bawan Allah nan ya riƙe, kuma riƙe su tare ne mai wuya. Bai yi ƙarya don maigidansa ya ji daɗi ba, bai kuma tona asirin ɗan uwansa don an ɓata masa ba. Mu yawancinmu ɗaya muke iyawa. Wani in mai hali ya ce ko ba haka ba, kafin ya rufe baki ya ce haka ne. Wani kuma da sunan gaskiya yake yawo da aibin mutane kwararo-kwararo, ana saɓawa ya zazzage duk abin da ya sani. Kowa a nan akwai wanda ya cire hula a gabansa, matarka, maƙwabcinka, abokin cinikinka. Ka ga abin da ka gani. In an nemi ka yi shaidar ƙarya, ka ƙi, ko za ka rasa abincinka. In an nemi ka tona, ka ƙi, ko za a ba ka rumfa. Allah ya tsare harsunanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira.