Tsagar da Likita Ya Rufe da Fenti

An yi wani mutum a wata tashar jirage da ke bakin babban kogi. Makanikin injin kwale-kwale ne, irin injin nan da ake ɗaurawa a bayan jirgi. Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Likita ake ce masa, yaro da babba.

Ya 'yan uwa, bari in fara da alherinsa, kada wani ya ɗauka labarin mugu zan ba ku. Wallahi ba mugu ba ne.

Allah ya ba shi kunne. Jirgi na can tsakiyar ruwa, shi yana cikin rumfarsa yana goge hannu da tsumma, sai ya karkata kai ya ce, "Wancan filoginsa ya sha mai." A sauke a duba, a tarar haka ne. Allah ya kuma ba shi hannu. Injin da aka yar a bayan rumfa har kaza ta yi ƙwai a cikin murfinsa, sai ya kwance shi kaf, ya jera kayan cikinsa a kan buhu kamar mai shanya, ya wanke su da fetur, ya mayar da kowanne mazauninsa. Ja ɗaya, ja biyu, inji ya ɗauka.

Ga shi da sakin hannu. Masunci zai zo da inji a kafaɗa, aljihu fayau, Likita ba ya mayar da shi. Sai dai ya ce, "Ajiye nan, in ka kamo kifi ma yi magana." Bai taɓa sa wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne ba. Ladan na kira zai ajiye sufana, ya cuɗe baƙin mai da sabulu, a same shi a sahun gaba.

Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi jirgi nasa na kansa, yana fiton mutane zuwa kasuwar ƙetare. Jirginsa ne ke fara cika. Cikin masu shiga akwai wata tsohuwa, Inna mai kaji, wadda ke tsoron ruwa kamar me. In ta zauna sai ta runtse ido, ta damƙe gefen jirgi, bakinta na motsi da addu'a har a sauka. Takan ce, "In ba jirgin Likita ba, gara kajina su tsufa a akurki."

To ta ina ɓarna ta shigo wa mutum irin wannan?

Ta ƙofar yabo ta shigo. Yau a ce Likita ba ka da na biyu, gobe a ce Likita aljani ne. Da fari yakan ce, "Ikon Allah ne." Sannu a hankali sai ya koma murmushi kawai. Daga baya aka fara jin wata magana a bakinsa: "A hannuna inji ba ya mutuwa." Da wasa ya fara faɗinta. Ya yi ta faɗi har zuciyarsa ta gaskata.

Wata rana da la'asar, suna dab da gaɓa, injinsa ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya yi shiru. Da filafili aka ƙarasa. Ya ɗauke shi zuwa rumfa, ya kwance, ya haska ciki da tocila. Nan ya ga abin da ba ya so ya gani. Gangar jikin injin ta tsage, tsaga siririya kamar silin gashi, daga gidan fistan har zuwa hanyar ruwan da ke sanyaya inji.

Ya san wannan ciwo sarai. In an yi masa walda yakan riƙe muddin inji na sanyi. Ranar da aka ɗora masa kaya ya ɗauki zafi, sai ya buɗe. Sau nawa ya dafa kafaɗar wani ya ce, "Wannan kam sai haƙuri, nemi sabo"?

Yayansa, wani masunci marar yawan magana, ya shigo ya same shi ya zuba wa injin ido. Likita ya nuna masa tsagar. Yayan ya duba, ya ce, "Ƙanena, da na wani ne, me za ka ce masa?"

"Zan ce ya sauya."

"To faɗa wa kanka."

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta ga bai taɓa ba. Da ta ji dalili sai ta ce, "Maigida, ai ba rashi ne ya same mu ba. Allah ya hore maka. Sayi sabo ka huta, mu ma hankalinmu ya kwanta." Ya ce ta yi gaskiya. Ya kwana da niyyar tafiya birni ya ɗauko sabo.

Da safe ya yi shiri, ya biyo ta tasha. Akwai wani mai sayar da fetur a bakin ruwa, sarkin barkwanci ne, ba ya nufin kowa da sharri. Yana hango shi sai ya ɗaga murya: "Jama'a, a zo a yi ta'aziyya! Majinyaci ya cika a gidan Likita!" Tasha ta kwashe da dariya. Likita ma ya dara.

Amma bai je birni ba. Ya juya ya buɗe rumfa.

Ya 'yan uwa, ku lura da yadda Shaiɗan ke aiki da mutumin kirki. Bai ce masa je ka halaka mutane ba. Cewa ya yi, "Yar da inji guda saboda 'yar tsaga? Ai almubazzaranci ne. Waldar wasu ce ke buɗewa, ba taka ba." Ya ɗauko girman kai ya sa masa rigar tattali. Gyara ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne daidai. Amma Likita ya san wannan ba na gyara ba ne. Abin da ya dame shi kawai kada a ce wani ƙarfe ya gagare shi.

Aikin da ya yi kuwa, ko maƙiyinsa ya gani sai ya jinjina. Ya sa sabon fistan da sababbin zobba. Ya bi tsagar nan da walda lallausa kamar ɗinkin gwanin tela, ya goge ta har yatsa ba ya jin tudu, sannan ya shafe da fenti. Ranar gwaji mutane suka taru. Ja ɗaya, inji ya ɗauka da ruri. Aka yi ta tafi. Mai fetur ya cire hula ya ce, "Na janye ta'aziyyata, gawa ta tashi!"

A cikin rurin nan akwai wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, can ƙasa. Duk taron ba wanda ya ji ta sai shi.

Yayansa ya ja shi gefe. "Kafin ka ɗauki rai, loda masa buhunan yashi, ka kai ƙetare ka dawo. In ya riƙe, shi ke nan."

Likita ya ce, "Yaya, kifi ka sani. Bar mini ƙarfe."

Tun suna yara bai taɓa yi wa yayansa magana irin wannan ba. Yayan ya dube shi, ya koma wajen komarsa ta kamun kifi.

Ranar kasuwa jirgi ya cika da mutane da kaya. Inna mai kaji ta iso da kwandonta, ta tsaya ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a tudu. Ta ce, "Likita, na ji an ce injin ya kwanta. Tsakaninka da Allah, ya warke?"

Ya ce, "Garau, Inna. Shigo."

Ya kama hannunta da kansa ya zaunar da ita.

Lokacin damina ne, kogi ya cika ya batse. Da suka kai tsakiya iska ta taso, ruwa na jan jirgi gefe. Dole ya ƙara wuta. Inji ya ɗauki zafi. 'Yar ƙarar nan ta zama bugu. Tururi ya tashi daga murfi, inji ya mutu. Ya ja igiya, ya ja, ya ja har tafin hannunsa ya tsage. Ina! Ruwa ya kwashe su zuwa ginshiƙan wata tsohuwar gada da ta karye. Jirgi ya daki ginshiƙi da haƙarƙarinsa, ya kife.

Abin da Likita ya yi a cikin ruwan nan, waɗanda suka tsira har yau suna faɗi. Ya cafko wata mata da goyo a bayanta ya kai ta jikin ginshiƙi. Ya koma ya jawo wani dattijo ta wuyan riga. Ya nutsa ya fito, ya nutsa ya fito, har jini na zuba daga hancinsa. Yayansa da sauran masunta suka iso da kwale-kwalensu suna tsamo mutane. Sai da suka danne shi da ƙarfi sannan ya daina komawa, yana ta kiran, "Inna! Ina Inna?"

Washegari aka same ta can ƙasa, cikin ciyawar bakin ruwa.

Mutane suka ce ƙaddara ce, iska ce. Suna ta zuwa gidansa suna sa masa albarka saboda rayukan da ya ceta. Kowace albarka kamar ana caka masa allura.

Sai ƙungiyar masu jirage ta sa aka tsamo injin. Zafi ya ɓare fentin, waldar ta wage baki, kowa ya gani. Shugaban ƙungiya, wanda shi ma Likita ya sha yi masa gyara kyauta, ya tambaye shi cikin sanyin murya, "Ka san da wannan kafin ka ɗauki mutane?" Likita ya dubi yayansa. Yayan ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Likita ya gyaɗa kai.

Babban ɗan Inna na wurin. Bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Ko mu 'ya'yanta ta hana mu shiga jirgin kowa sai naka."

Hukuma ta tafi da shi, ya yi zaman gidan yari. Yayansa ya kwashe iyalinsa ya riƙe su tare da nasa, bai taɓa yi musu gori ba. Matarsa ta jira shi, ba ta ko taɓa cewa ai na faɗa maka. Da ya fito ya tarar rumfa a rufe, kwaɗo ya yi tsatsa. An hana shi fito har abada. Masu inji suna gaishe shi da mutunci, su wuce da injinsu wani wuri. Yanzu yana zaune a ƙofar gidan yayansa yana ɗinkin koma.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba. Bai sha giya ba, bai bar salla ba. Da me ya halaka? Da ganin kansa, da tsoron dariyar mutane fiye da tsoron Wanda ya ba shi basirar. Ya yarda ya sa rayuka cikin haɗari, da dai a ce Likita ya kasa. Iblis ma ba ƙarancin ibada ne ya kore shi ba.

Kai direba da ka san birkinka na ja da baya, amma ka ce ai hannunka ya saba. Kai magini da ka shafe ɓaraka da siminti don kada a ce aikinka ne. Har da mu masu hawa mumbari, da ke jin nauyin cewa "ban sani ba". Duk wanda ya tambaye ka tsakaninka da Allah, ransa ya ɗora a tafin hannunka. Wane suna ne ya kai wannan nauyi?

In Allah ya ba ka gwaninta, ka gode masa, ka kuma san inda ta tsaya. In abu ya fi ƙarfinka, faɗi. A yi maka dariyar yini ɗaya, gobe an manta.

Allah ya ji ƙan wannan baiwa tasa, ya karɓi tuban wannan bawa nasa, ya saka wa yayansa da matarsa da alheri. Allah ya raba mu da yabon da zai kurmantar da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da mu daga sharrin kawunanmu. Amin.