Madubin Garth da Kaset Ɗin Mama

Akwai wani mutum a unguwarmu nan Winnipeg, a ƙasar Kanada, sunansa Garth Friesen. Ba mugu ba ne, amma in ya san abu ɗaya sai duk layi sun ji.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu Elsie, Garth ya kwaso kaset-kaset ɗin bidiyon gidansu, kwali guda. Ya sauke tsohuwar kwamfuta ɗakin ƙasa, ya mayar da ita rumbun bidiyo. Duk abin da ya zuba a ciki, ana iya kallonsa a kowace talabijin da wayar da ke gidan. Ya juye kaset ɗin kaf a ciki. Gaskiya aikin ya yi kyau, wannan ba a hana shi.

Faifan ajiya biyu ya sa wa kwamfutar. Abin da aka rubuta a ɗaya, nan take yake bayyana a ɗayan. Masu harkar suna kiran wannan tsari madubi, Garth kuwa ya riƙe kalmar kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Da ya gama, sai ya fitar da kwalin bakin titi wajen shara. Ƙanwarsa Noreen ta zo ta tarar.

"Garth, ka ba ni in ajiye a gidana mana. Ko don tsaro."

"Tsaron me? Ina da madubi. Ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. Ke dai kin fi son tarkace, gidanki har ya koma kasuwar gwanjo."

"Baba fa ba shi da inda zai ƙara jin muryar Mama sai nan."

"Noreen, ki bar wa masu abu abinsu."

Ta duƙa ta zari kaset ɗaya tak, saboda rubutun hannun Mama ne a jikinsa, ta jefa a jaka. Washegari motar shara ta kwashe sauran.

Bayan 'yan watanni, rumbun ya cika da bidiyon wasannin hoki, wasan nan da ake yi a kan ƙanƙara. Garth ya shiga neman wuri, ya ga ma'ajiya biyu a cikin kwamfutar masu suna "Gida". Ya ɗauka maimaici ne, ya goge ɗaya, ya zuba sabbin wasanni a kai. Ko leƙawa bai yi ba.

Ranar bikin godiya da ake yi duk shekara a ƙasar nan, aka taru a gidansa. An ci talotalo da dankali, an kawo shayi. Mahaifinsu, tsoho Abe, ya gyara zama ya ce, "Garth, sa mana wanda uwarku take waƙa a kicin."

Garth ya ɗauki rimot da fara'a. Ya buɗe "Gida", sai hotunan gyaran rufi. Ya sauka ƙasa da gudu ya duba faifai na biyu. Nan ma babu. Abin da ya goge a ɗaya, madubi ya goge a ɗayan tun a ranar, domin aikinsa ke nan.

Ya hawo jiki a sanyaye. "Baba, babu. Ni na goge."

Tsohon bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "To," ya ajiye kofinsa.

Noreen ta ɗauki makullin mota ta fita. Ba a jima ba ta dawo da kaset ɗin nan da tsohuwar na'urar kallon kaset da Garth ya sha yi mata dariya a kai.

Ba na waƙar ba ne. Wancan ya tafi har abada. Wannan na wani yawo ne a bakin tafki, kuma Mama ce ke riƙe da kyamara, don haka ko fuskarta babu. Garth da Noreen ne suna yara, suna jayayya kan yadda ake kafa tanti. Tantin ya rushe a kan Garth. Sai ga dariyar Mama ta cika falon, sannan muryarta:

"Garth, kai dai ka riƙa sauraron ƙanwarka mana."

Babu wanda ya kalli Garth. Abe ya share ido ya ce, "Mayar da shi baya, Noreen. In ƙara ji."

A cikin makon Garth ya juye kaset ɗin, ya kai kwafi gidan Noreen da kansa, ya mayar mata da kaset ɗinta.

Darasi: Madubi yana nuna fuska ne, ba ya ajiye ta. Abin da ba ka da na biyunsa, ka ajiye kwafinsa a wani gida daban, kuma kada iliminka ya toshe maka kunne daga shawarar na ƙasa da kai. Ku tura labarin nan ga wannan ɗan'uwan naku da hotunan gida duka ke hannunsa, tun kafin ya danna gogewa.